Haƙori Ɗaya, Raƙuma Biyar: Tsokaci Kan Tsadar Wankin Haƙori

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam a mafi kyawun tsari, ya jera masa haƙora a baki ba tare da ya biya ko anini ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Yau ina so mu tattauna kan wani al'amari da ba kasafai ake jin sa a kan mumbari ko a zauren karatu ba, wato kuɗin da ake biya a wanke wa mutum haƙori a asibiti, da dalilin da ya sa mafi yawanmu, musamman mu mazauna karkara irin Balan da sauran garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi, ba ma zuwa wurin masu aikin haƙori sai ranar da ciwo ya hana mu barci. Wani zai ce me ya haɗa malamin Islamiyya da wannan magana? Ka yi haƙuri ka biyo ni, da yardar Allah za ka ga mahaɗar.

DARAJAR HAƘORI A SHARI'A

Kafin mu tambayi nawa ake wanke haƙori, ya kamata mu fara tambayar nawa ne kuɗin haƙorin kansa. Shari'a ta riga ta ba mu amsa. A cikin wasiƙar da Manzon Allah (SAW) ya rubuta wa Amru bin Hazm (RA), wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa a babin diyya, an yanke cewa diyyar rai raƙuma 100 ce, diyyar haƙori ɗaya kuwa raƙuma 5. Imamu Malik bai bambanta tsakanin haƙorin gaba da fiƙa da turmi ba, duk hukuncinsu ɗaya. Haka nan a Suratul Ma'ida, aya ta 45, da Allah (SWT) ya lissafa gaɓoɓin da ake yin ƙisasi a kansu, ya ambaci haƙori tare da ido da hanci da kunne.

To ɗan'uwa, cikakken baligi yana da haƙora 32. Yi lissafi da kanka: 32 sau 5, raƙuma 160 ke nan, sun haura diyyar rai baki ɗaya. In kana son ka san abin da hakan ke nufi da naira, je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka tambayi kuɗin raƙumi ɗaya. Wannan ita ce dukiyar da kowannenmu yake yawo da ita a baki. Da wani zai fasa maka haƙori ɗaya a faɗa, har kotu za ku je. Amma sai ga shi mu da kanmu muna barin haƙoran suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda muke kai ƙara.

Akwai kuma wata darajar da masu karatun Alƙur'ani suka fi kowa saninta. Duk wanda ya karanta babin mafitar haruffa a Muƙaddimar Ibnul Jazari ya san cewa ث da ذ da ظ suna fita ne tsakanin kan harshe da gefen haƙoran gaba na sama. ت da د da ط daga kan harshe da tushen waɗannan haƙoran. ص da س da ز ma daga kan harshe ne a daidai haƙoran gaba. ف daga cikin leɓen ƙasa da gefen haƙoran sama. ض kuwa daga gefen harshe da turame na sama. Haruffa 11 ke nan da suka dogara kai tsaye da haƙora. A aji ina ganin wannan duk shekara: yaro ɗan shekara shida ko bakwai da ya yi famfara, sai ka ji س ɗinsa ta koma ث, mu yi ta haƙuri da shi har sababbin haƙoran su fito. Shi yaro nasa za su dawo. Babba kuwa in ya rasa, ya rasa ke nan, sai dai na roba.

MENE NE WANKIN HAƘORI?

A kullum akwai wata dauɗa mai yauƙi da take taruwa a jikin haƙori, cike da ƙwayoyin cuta. Muddin tana da laushi, asuwaki ko buroshi yana cire ta. In aka bar ta ta kwana biyu, sai sinadaran da ke cikin yawu su daskarar da ita ta zama kamar ƙanzon tukunya, ta manne a gindin haƙori, har ta shige ƙarƙashin dasashi. Daga wannan lokaci babu asuwakin da zai iya ɓamɓare ta. Dasashi sai ya kumbura, ya riƙa fitar da jini, baki ya riƙa wari, sannan a hankali ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya soma zaizayewa. Abin tsoron shi ne yawanci ba ya ciwo. Sai mutum ya wayi gari ya ji haƙori yana girgiɗi, ya ce tsufa ne, alhali bai kai hamsin ba.

Wankin haƙori shi ne kankare wannan ƙanzo da ƙananan ƙarafa na musamman, ko da wata na'ura mai karkarwa da fesa ruwa, sannan a goge haƙoran su yi santsi. Kuma kada wani ya ɗauka wannan aiki baƙo ne gare mu. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan nan na Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya yi bayanin kankare dauɗar haƙori a littafinsa At-Tasrif, har ya zana siffofin ƙarafa 14 na wannan aiki. Mayar da shi sana'a mai zaman kanta kuwa ya faru ne a Amurka, inda likita Alfred Fones ya buɗe makarantar farko ta koyar da masu tsaftace haƙori a garin Bridgeport a 1913. A Nijeriya akwai jami'an kula da tsaftar haƙori da ake horarwa domin wannan aiki, kuma tun 1993 aka kafa hukumar da ke yi musu rajista. Saboda haka ba lallai sai babban likita ba ne zai wanke maka haƙori, amma lallai ne ya zama wanda ya koya.

INA TSADAR TAKE?

Da daminar da ta wuce na raka wani dattijo daga cikin iyayenmu, mahaddacin Alƙur'ani wanda yakan ja mu sallah in liman ba ya nan. Haƙoransa biyu na gaba sun soma girgiɗi, har ya daina son shiga gaba saboda yadda karatun ke fita. Sai da na yi makonni ina lallashinsa. Amsarsa kullum ita ce: "Ɗana, buhun taki ne a gabana, kai kana maganar wankin baki." Na ce, "Baba, takin na bana ne, haƙorin kuwa na sauran rayuwa ne."

Muka fita bayan sallar asuba. Babur zuwa bakin titi, mota daga Gaya mu ratsa Wudil mu shiga Kano ta Mariri, sannan a-daidaita-sahu zuwa wani asibiti a cikin birni. Muka yanki kati, muka bi layi, aka duba shi, aka ce sai an ɗauki hoton haƙoran, sannan aka ba mu wata ranar da za mu dawo a yi wankin. Tafiya biyu ke nan, mutum biyu. Da na zauna na haɗa lissafi, kuɗin wankin kansa bai kai rabin abin da muka kashe ba. Sauran duk ya tafi ne a mota da kati da hoto da magani da abinci a hanya, ban da kwana biyu da gonarsa ta yi ba kowa, ni ma ajina sai wani ya riƙe mini. Jimillar ta haura abin da nake karɓa a wata guda daga makarantarmu. Alhamdu lillahi, haƙori ɗaya ya tsaya da ƙafarsa. Ɗayan kuwa an makara, cire shi aka yi.

Wannan shi ne abin da mutumin birni ba ya gani idan yana cewa mutanen ƙauye ba su damu da lafiyarsu ba. Talakan karkara yana biyan kuɗin nisa kafin ya biya kuɗin aiki. Ƙananan asibitocin da suke kusa da mu, mafi yawansu ba su da kujerar haƙori balle mai aiki a kanta. Ƙwararrun sun taru ne a manyan birane, a wurare irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Tsangayar Koyon Aikin Haƙori ta Jami'ar Bayero da asibitoci masu zaman kansu.

Su ma masu aikin, in za a yi adalci, suna da nasu uzurin. Na'urar wankin da tukunyar dafa ƙarafa domin kashe ƙwayoyin cuta duk da lantarki suke aiki, in ba wuta sai janareta. Safar hannu da man gogewa da kayan gyara galibi daga waje ake shigo da su. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na wannan shekarar, kuɗin mota da na kayan asibiti suka tashi tare. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, Jihar Kano ta sa nata 71,000, amma manomi da ɗan tireda da malamin Islamiyya ba sa cikin wannan lissafi. Ga shi kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya yake fitowa kai tsaye.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Nuwamba 2022 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori, kuma uku cikin kowane huɗu daga cikinsu suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Wajen mutum biliyan 1 suna da ciwon dasashi mai tsanani.

ARAHA BA TA ADO

Idan asibiti ya yi nisa kuma ya yi tsada, mutane ba sa zama haka nan, wata hanyar suke nema. Shi ya sa a ranar kasuwa za ka ga mai lasifika ya tara jama'a yana fitar da "tsutsar haƙori" daga bakin mutane. Ɗan'uwa, babu wata tsutsa a cikin haƙori. Kogo yana samuwa ne idan ƙwayoyin cuta suka ci sukarin da ya maƙale, suka fitar da tsami mai cinye haƙorin. Akwai kuma masu sayar da ruwan da ke farar da haƙori nan take. Irin wannan ruwa yakan ƙunshi sinadari mai cin fatar haƙorin ta waje, wadda in ta tafi ba ta dawowa. Har ruwan batir wasu suke ɗigawa a kogo don su kashe ciwo. Ƙarfen da aka sa a bakin wani ya taɓa jini, aka goge da tsumma aka sa a naka, hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini.

Wasu kuma kemis suke zuwa su sayi maganin kashe zafi da ƙwayoyi biyu ko uku na kashe ƙwayar cuta, ciwon ya lafa, tushensa yana nan. Ruɓar turmin ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin haɓa, wuya ya kumbura har numfashi ya gagara, kuma ana rasa rai ta haka. A kan yara ƙanana kuwa akwai cutar da likitoci ke kira noma, wadda take farawa da gyambon dasashi a bakin yaron da ke fama da tamowa, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Mafi yawan yaran da ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. Akwai asibiti sukutum a Sakkwato domin wannan cuta tun 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan. Duk wannan daga dasashi yake farawa.

Akwai wata magana da nake yawan ji, wai wankin haƙori yana sa haƙora su yi sako-sako ko su yi giɓi. Gaskiyar al'amari ita ce ƙanzon ne ya riga ya ci dasashi da ƙashi, ya zauna a gurbinsu. Da aka cire shi sai ɓarnar da ya yi ta bayyana. Ɗan tsamin haƙori da ake ji bayan wankin yakan wuce cikin 'yan kwanaki.

MU MA MU DUBI KANMU

Duk da uzurin talauci, akwai inda ya kamata mu tsaya mu yi wa juna nasiha. Alhazanmu suna dawowa da haƙorin Makka, an kankare lafiyayyen haƙori an sa masa hular zinare ko azurfa domin ado, ana biya da farin ciki. Ga maza ma akwai maganar halacci, domin abin da malamai suka yi rangwame a kansa shi ne lalura, kamar ƙissar Arfaja bin As'ad (RA) wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinare. Mu matasa kuma, mu lissafa abin da muke kashewa a wata kan katin waya da data da lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu na sukari. Wasunmu kuɗin wankin haƙorin yana nan a ciki, har ma da abin da ke jawo ciwon.

Sannan mu tuna cewa warin baki haƙƙin mutane ne. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci, saboda mala'iku suna cutuwa da abin da ke cutar da mutane. In warin yini ɗaya ya kai haka, ina ga warin da ke tare da mutum shekara da shekaru, a sahu da aji da ɗakin aurensa? Mata da yawa suna haƙuri da wannan, maza ma haka, kunya ta hana kowa faɗa. Kuma kada mu fake da hadisin da ya yabi warin bakin mai azumi, wancan daga wofintar ciki yake tasowa, ba daga ruɓar dasashi ba.

RIGAKAFIN DA KE HANNUNMU

Hanya mafi sauƙi ta rage kuɗin asibiti tana cikin littattafan da muka fara da su. Ahalari da Ishmawi duk sun lissafa asuwaki cikin mustahabban alwala. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba, da Annabi (SAW) ya umarce mu da yin asuwaki a kowace sallah. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa da shi yake farawa in ya shiga gida, Huzaifa (RA) kuma ya ce da shi yake farawa in ya tashi cikin dare. Har a jinyar ajalinsa, da Abdurrahman bin Abibakar (RA) ya shigo da ɗanyen asuwaki a hannu, sai da Nana A'isha ta karɓa ta tausasa masa ya goge bakinsa. A mazhabarmu ta Malikiyya mai azumi ma yana iya yi duk tsawon yini, ɗanyen ice ne kawai aka karhanta masa.

Wanda ya riƙe wannan sunna sau biyar a rana, ya hana dauɗar samun lokacin daskarewa. Amma a yi shi yadda ya dace. Ba a rataya shi a gefen baki ana yawo ba. A bi haƙori ɗaya bayan ɗaya, waje da ciki, musamman bayan haƙoran gaba na ƙasa da turamen can ƙurya, inda ƙanzo ya fi taruwa. A goga a hankali daga dasashi zuwa bakin haƙori, a riƙa yanke kan asuwakin ana sabunta shi. Wanda bai samu na itacen arak ba, ga darbejiya da marke a ƙofar gida. A haɗa da buroshi mai laushi da makilin mai sinadarin fuloraid safe da dare, domin shi ke ƙarfafa haƙori ya hana kogo. A rage zaƙi tsakanin abinci da abinci, a bar taba.

Ga wanda ke tsoron cewa sai ya riƙa biya duk wata shida, akwai sauƙi. Hukumar NICE ta Ingila tun 2004 ta ce tazarar duba haƙorin babba tana iya kamawa daga wata 3 har zuwa wata 24, gwargwadon halin bakinsa. Mai lafiyayyen dasashi ba ya buƙatar yawan zuwa. Waɗanda bai kamata su yi jinkiri ba su ne mai ganin jini a asuwakinsa, da mai warin bakin da ba ya tafiya, da mai ciwon suga, da mace mai ciki da dasashinta ya kumbura, da yaron da gyambo ya fito masa a baki.

ABIN DA NAKE ROƘO

Na farko, duk wanda zai je, ya nemi asibitin gwamnati ko na koyarwa, ya tambayi kuɗin kati da na wanki da na hoto tun kafin ya zauna a kujera, ya kuma roƙi a haɗa masa abin da zai yiwu a rana ɗaya saboda nisa. Tambaya ba abin kunya ba ce.

Na biyu, ma'aikata da iyalansu da ke ƙarƙashin hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA, ko hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da dokar 2022 ta kafa, su nemi a nuna musu abin da tsarinsu ya ƙunsa game da haƙori. Ana cire musu kuɗi, haƙƙinsu ne su sani.

Na uku, kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin matasa na Balan da Kademi da Shagogo da Toranke da sauransu, yadda muke haɗa kuɗin shimfiɗa da lasifika, mu buɗe ɗan asusu domin haƙoran limamai da ladanai da alarammomi da marayu. Ɗauko ma'aikaci ɗaya da kayansa ya yini a gari ya fi sauƙi a kan mutum talatin su tafi Kano. Mawadatanmu su sani cewa kujerar haƙori a asibitin ƙauye sadaka ce mai gudana kamar rijiya.

Na huɗu, 'yan'uwana malaman Islamiyya, idan muka zo babin alwala kada mu wuce asuwaki da kalma ɗaya. Mu kawo shi aji, mu nuna wa yara yadda ake yi, mu duba bakinsu kamar yadda muke duba farcensu. Ɗalibanmu masu neman abin da za su karanta bayan sakandare kuma, maza da mata, su dubi wannan fanni. 'Yan'uwanmu mata da yawa za su fi sakewa in mace ce za ta duba su.

Jikin nan amana ce, kuma za a tambaye mu a kansa. Bakin da muke karanta Fatiha da shi sau 17 a kowace rana ya cancanci a kashe masa wani abu daga abin da Allah ya hore. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya yaye wa marasa lafiyarmu, ya buɗa wa talakawanmu, ya sa shugabanninmu su tuna da mutanen karkara. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Wallahu a'alam.